Kwana Bakwai a Kife

Bana ruwa ya yi mana gardama har mutane suka fara kallon liman a kaikaice, sannan da ya tashi sauka sai ya sauko gaba ɗaya kamar mai huce haushi. A cikin wannan marka na tafi Daura a duba mini ido, don na kai matsayin da nake yi wa kututture sallama. A hanyar dawowa tayar motarmu ta yi faci daidai wani dam, muka sauka muka fake a gindin wata bishiyar bedi. Nan na ga an kafa wani ƙaton allo a bakin ruwa, fari tas, da jan rubutu.

To ni, ba yabon kai ba, ɗan boko ne. Na kai aji huɗu a firamare, aji uku ma sau biyu na yi shi, saboda malamai ba sa son rabuwa da ni. Na gyara sabon tabarau na karanta wa jama'a allon nan daga sama har ƙasa. Cewa ya yi duk mai jirgin da ya fito daga wani ruwa ya kankare laka da ciyawa da 'yan makankarin da ke manne a gindinsa, ya zubar da ruwan cikinsa can nesa da gaɓa, ya shanya shi ya bushe ƙayau, shi da taru da sauran kayan su, kafin ya sa shi a nan. Wani fasinja mai yawan jin rediyo ya ce ai daga ƙasar Turawa aka kwaikwayo, wai can wasu 'yan makankari kamar ƙumba ke bin gindin jirage daga tafki zuwa tafki suna toshe musu famfo. Na ce Allah sarki Turawa, ashe sai yanzu labari ya kai musu. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma har muka iso gida ban sake buɗe baki ba, kuma duk wanda ya san ni, Ilu, ya san wannan ba ƙaramin rashin lafiya ba ne.

Garinmu yana gaba da garin Babban Mutum kaɗan, inda in jakinka ya tsinke sai ka bi shi Nijar. Muna da tafki a gabas da gari, Maikanya muke ce masa. In ka zo yau ka ce a nuna maka shi, za a nuna maka wani dajin kacala, dogayen ciyayi sun fi mutum tsayi, daga wannan gaɓa har waccan, sai sauro da kukan kwaɗi. Kifin da muke ci yanzu a kwali yake zuwa bayan babur, da ƙanƙara a jikinsa, idonsa a buɗe kamar shi ma yana mamakin inda aka kawo shi. Amma a da, Maikanya ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, gaiwa idan ruwa ya ja. Shekarar da gona ta ƙi, shi ke riƙe gari har sabon gero.

Mai kula da shi Audu ne, Sarkin Ruwa, ɗan kawuna. Taubashina ke nan, ya girme ni da shekara tara, kuma tun ina da wayo muke gardamar wane ne bawan wani. Dogo ne, siriri, ba ya son magana, ni kuwa Allah ya ba ni tawa da tasa. Matarsa Ladi ita ke shiga tsakani. In na je gidan na dame shi da tsiya sai ta miƙo mini fura ta kan zana ta ce, "Ungo, Ilu, toshe bakin nan mijina ya huta."

Audu ya gaji doka ɗaya daga ubansa, uban ya gada daga nasa. Duk jirgi ko taru ko koma da ya taɓa wani ruwa ba zai shiga Maikanya ba sai an kai shi kan fako, nesa da gaɓa, an kankare shi, an kife shi kwana bakwai a rana. Wanda ya karya, a hana shi ruwa shekara guda. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. A zamanin kakanni akan haɗa kifewar da yankan baƙin bunsuru a bakin ruwa, amma Audu da kansa ya bar yankan tun ranar da ya karɓi zago, wato mashin su da ke hannun kowane Sarkin Ruwa.

Sai aka shigo shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki zafi na alheri, masallaci ya cika, aka rufe ɗakin cacar bayan kasuwa, har ni na koyi zuwa sahun gaba. Wani matashin malami da ya dawo daga karatu ya yi wa'azi a kan tsafin bakin ruwa, kuma gaskiya ya faɗa, bunsuru yake nufi. Amma mu mutanen kasuwa kunnenmu faɗi gare shi. Muka haɗa bunsuru da kifewa muka ɗaure a dami ɗaya. Aka fara cewa wai kwana bakwai ɗin ma na aljanun ruwa ne. Ba a soke dokar ba, sai dai ta koma kamar tsohuwa a gidan biki, ana gaishe ta ba a jin maganarta.

A bazarar da ta biyo baya ne na sayar da bijimina na tafi can ƙasar Nguru na sayo jirgi na hannu, don rumbuna ya nuna gindi kuma matata Hansai tana goyo. Jirgin katako ba ya son tafiyar mota a zafi, katakon ke bushewa ya tsage. Saboda haka mai jirgin, mutumin kirki, ya cika mini cikinsa da ɗanyar laka da wata ciyawa mai kauri da ya tumɓuko da saiwarta a gaɓarsu, ya yayyafa ruwa, ya ce haka suke yi. Na ɗora shi a motar kanwa. Muka iso ranar kasuwa, jama'a duk suna can, bakin ruwa ba kowa, na sa direba ya sauke mini shi can gaɓar gabas, bayan gonata. Na karkata shi na zazzage lakar da ciyawar duka a cikin ruwa, na ɗauraye shi fes.

Ina cikin haka na ji inuwa a kaina. Audu ne.

"Bawa, me ka kawo mana?"

"Jirgi ne, ranka ya daɗe. Ko tsufa ya sa ka ɗauka akwatin lefe ne?"

Bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya tsamo saiwa ɗaya, ya karya ta. Cikinta fari kamar rogo. Ya shinshina.

"Wannan fa?"

"Katifarsa ce. Jirgin manya ba ya tafiya a kan ƙarfe."

"Ban san ta ba, Ilu. Shekarata hamsin a ruwan nan ban taɓa ganin ta ba. Fitar da shi ka kife."

"Kwana bakwai a wannan rana? In dawo in tarar da itacen girki? Yaran kuma su ci me, su ci al'ada? Ai ka ji abin da malam ya ce."

"Malam bunsuru ya hana. Ka ji ya hana rana?"

Sai na yi abin da ɗan boko ke yi, na ce zamani ya canja. Ya tuɓe riga ya shiga ruwa har ƙugu, ya yi ta tsamo ciyawar yana jibgewa a kan fako, ni ina tsaye ina ce masa in ya gama ya zo gidana akwai shara. Abin da ke yawo a sama ya kwashe. Abin da ya nutse cikin laka ya nutse. Da ya fito sai ya tsaya ya daɗe yana kallon wajen gidana, inda ko hayaƙi ba ya tashi. Hakkinsa ne ya kai ni wurin mai gari a hana ni ruwa shekara. Ya saɓa rigarsa a kafaɗa ya tafi. Washegari na jefa taru, da daddare Hansai ta yi miyar karfasa.

Shekara ta farko ba a ga komai ba, har nakan tsokane shi in ce aljanun sun karɓi uzurina. Ta biyu, wani ɗan kurmi ya fito a gaɓar gabas, kore shar, da kawuna ja-ja kamar zangarniyar gero. Mata suka yi murna, sun sami abin saƙa tabarma. Wani baƙo ne ya gaya mana sunan ciyawar kacala, ya kuma ce Allah ya kyauta, bai ƙara komai ba. In kan ya bushe sai ya fashe, iska ta kwashi audugarsa ta watsa ko'ina a bakin ruwa. A shekara ta biyar ta ci fiye da rabin Maikanya.

Daminar wannan shekarar nake son faɗa.

Mun yi binne tun ƙasa na ƙuna, ruwa ya sauka sau ɗaya, shuka ta tsiro, sannan sama ta ɗauke kamar an rufe randa. Sati uku. Da hantsi gero kan naɗe ganye, da azahar ya kwanta. Muka sake shuka da irin da muka karkaɗo daga gindin rumbu. A irin wannan shekara da can tafki ake komawa, amma yanzu ina za ka jefa taru? Kacala ta kama shi ta yayyaga. Jirgi ba ya ratsa ta. Ruwan cikinta ya yi baƙi yana wari kamar tsohuwar rijiya, kifi ya shige can ciki inda ba mai iya bin sa. Sai ka wuni tun asuba ka dawo da 'yan karfasa uku kamar tafin jariri. Nawa jirgin yana ɗaure a gaɓa, ciyawar da ya kawo ta kewaye shi.

Hatsi kuwa ya yi fiffike. Yunwar ta fi tsanani a ƙetaren iyaka, duk buhun da ya shigo kasuwa sai ya bi hanyar Kongolam ya tsallaka Nijar. Mata daga can suka riƙa ratsowa da ƙwarya suna tsinkar ganye a bakin gonakinmu, ba mai korar su, don namu matan ma shi suke tsinka. A gidana Hansai takan dama kunun kanwa tsararo da safe, ka ga fuskarka a ciki. Da rana ba komai. Da yamma kwaɗon tafasa ba ƙuli, ranar sa'a a barbaɗa ɗan garin rogo. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba yunwar ba ce, shirun ne. Garin da la'asar ta yi ba ka jin luguden turmi ko ɗaya. Muka yi noman farko da maimai a kan wannan kunu, mutum ya yi kunya biyu ya dafa fartanya yana ganin taurari da rana tsaka.

Sannan marka ta zo, ta zo da kyau. Kwana da kwanaki ruwa na tsiyaya, katangu na zubewa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki. Sauro ya taso daga cikin kacala irin wanda ba mu taɓa gani ba, ba gidan da ba a kwantar da mutum biyu da zazzaɓi ba. Amma gero ya miƙe. Ya yi bununi, ya fara ido. Muna wucewa ta gona muna shafa zangarniya kamar kan ɗa. Har an fara gasa tumu, kuma duk wanda ya taɓa cin tumun farko bayan irin wannan damina ya san akwai abincin da ake ci da hawaye.

Ana ganin watan azumi, janbaki ya iso.

Tsuntsun nan ɗan mitsitsi ne, amma ba ya zuwa shi kaɗai. A da yakan ratsa ya wuce, don ba shi da wurin kwana. Yanzu ya sami masauki, kadada a kan kadada ta kacala, a tsakiyar ruwa inda ba mai kai masa. Da gari ya waye sai ka ga kamar hayaƙi ya tashi daga Maikanya, ya yi sama, ya karkata, ya sauka a gona. Ƙararsu kamar ruwa a kan kwano. Kowa ya fita, maza da mata, da gwangwani da majajjawa da tsummoki a kan igiya, ana ihu da baki mai azumi har murya ta dushe. Ka kore su nan su sauka can. Ka kama zangarniya ka ji ta sakayau, sai ƙaiƙayi. Zafin ƙarshen damina kuwa ka san shi, iska ba ta motsi, ƙasa na fitar da tururi, riga ta manne a baya.

Ran biyar ga azumi mai gari ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Gari ya rabu biyu. Tsofaffi suna raɗa cewa don Audu ya bar yankan kakanni ne ruwa ya yi fushi. Samari suna cewa da ƙarfi alhakin tsafin gidansu Audu ne ya sauka a kan kowa. Ban taɓa ganin mutanen nan sun yarda da juna ba, amma ranar duka hanyoyin biyu a ƙofar Audu suka ɓulle.

Mai gari, dattijo mai son gaskiya, ya ce, "Sarkin Ruwa, bar maganar aljanu. Na ji an ce ciyawar nan a jikin jirgi take tafiya. Akwai jirgin da ya shiga ruwan nan bai yi kwanakinsa a kife ba?"

Tsakanina da Audu mutum biyu ne. Na san in sunana ya fito a ranar, da yunwar da ke idon mutanen nan, ba hana ni ruwa za a yi ba, sai dai in kwashi Hansai da yara in bar gari. Audu bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Duk jirgin da ya shiga, da sanina ya shiga."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne abin da nake da shi, ranka ya daɗe."

Aka yi ca a kansa. Wani da ko koma bai iya riƙewa ba ya ce a karɓe zago. Mai gari ya dubi jama'a, sannan ya ce to, a karɓa. Audu ya tashi ya je gida ya ɗauko zagon ubansa da kakansa, ya ajiye a kan buzu, ya koma ya zauna. Ni kuwa, Ilu, wanda ko a sahun jana'iza sai an yi masa tsawa, harshena ya kwanta kamar gaiwa a laka.

A taron aka yanke a yi gayya, a sare kacala tsuntsu ya rasa makwanci. Washegari da na isa bakin ruwa na tarar mutum ɗaya ya riga kowa, yana wasa lauje a kan dutse.

Na ce, "An sauke ka fa, bawa. Me ka zo yi?"

Ya ce, "Zagon aka karɓa. Ruwan yana nan."

Ban taɓa sanin ƙishirwa ba sai a cikin ruwa. Kana tsaye ruwa har ƙirji, rana na dukan ƙeya, leɓe ya tsage, maƙogwaro kamar an zuba toka, ga shi yana shafar haɓarka ba halin ka lasa. Ganyen kacala na yankan hannu. Matsattsaku na mannewa a cinya, sai ka fito ka ga jini na bin ƙafa. Mata na gaɓa suna jan abin da muka sara suna tarawa.

Audu ya ce a yanke ta can ƙasa, a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya shaƙe ya ruɓe. Ya lura da haka tun shekarun da yake fama da ita shi kaɗai. Amma yankan ƙasa sai ka nutsa kai, mutane kuwa suna tsoron ruwa ya shiga hanci ko kunne azumi ya karye. Aka aika wa malam tambaya, ya amsa da cewa a kiyaye dai, kowa ya fassara yadda ya fi masa sauƙi. Ga shi kuma wa zai bi shawarar wanda aka sauke jiya? Aka riƙa sare ta a sama, daidai ƙirji. Kwana takwas muka buɗe fili mai faɗi, aka yi kabbara. Kafin mu kai ƙarshensa, farkonsa ya tofo, kore shar, ya fi na da kyau. Ran da mutane suka ga haka sai aka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Wannan ɗansa ba lafiya, wancan zai je korar tsuntsu. Ba na ganin laifinsu. Mutum ba ya sara da kunun kanwa.

Muka rage ni da shi. Kada a ɗauka jarumta ce ta tsayar da ni, kunya ce. Shi yana nutsewa, ya toshe hanci da hannu ɗaya, ya yanka da ɗayan, ya taso yana haki, ni ina jan abin da ya yanko. Inda ya yanka ba ta sake fitowa ba, wannan na gani da idona. Amma mutum ɗaya da lauje ɗaya, a tafkin da sai ka yi rabin wuni kana zagayawa.

Wata rana muna hutawa a gindin kanya, jikinsa na rawa ko da yake rana na tsaka, na ce, "Audu, ranar Juma'a bayan an sallame zan tashi in faɗa."

Ya ce, "To."

Juma'a ta zo, na tashi tsaye, na ga fuskokin mutane, na gyara hula na fita kamar mai neman takalmi. Na ce masa ta gaba. Ta gaba ma haka. Bai taɓa tuna mini ba. Da ma zagina ya yi.

A goman ƙarshe tari ya kama shi, sannan ciwon haƙarƙari. Ladi ta ɓoye laujen, ya ɗauki nawa. Ranar ashirin da shida ya taso daga nutso bai iya kama gaɓa ba, na ciccibe shi a kafaɗa na kai gida, kuma wallahi damin gero ya fi shi nauyi. Aka kai shi asibiti a amalanke, aka ba da magani, aka dawo. Janbaki ya gama da gonakin gabas ya tashi don kansa. Abin da muka girba bai rufe gindin rumbu ba. Aka yi Salla da tuwon dawa gaya, ba wanda ya ɗinka ko hula.

Washegarin Salla na je duba shi da la'asar. Yana kwance a tabarma a zaure, numfashinsa kamar ana jan zarto. Ladi ta ajiye masa kunu bai taɓa ba.

Na ce, "Kai dai ragon bawa ne. An ce ka sari ciyawa ka zo ka kwanta."

Ya ɗan buɗe ido. "Ubangidan da ke ɗaukar bawa a kafaɗa... ban taɓa gani ba."

"Jibi Juma'a. Wallahi wannan karon zan faɗa."

"Juma'ar wace shekara?"

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa sai ya kama yatsana ya riƙe. Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Mutanen da suka karɓe masa zago su suka yi rububin ɗaukar makara. Haka muke. Ran sadakar uku aka cika ƙofar gidansa, mai gari da liman da malam da kowa, mata suna ciki bayan zana. Aka yi addu'a aka shafa. Kafin a tashi na miƙe.

Na ce, "Jama'a, ku saurare ni. Audu ba shi da laifi. Ni na kawo kacala garin nan. A cikin jirgina ta zo daga Nguru, ni na zazzage ta a gaɓar gabas da hannuna. Ya ce in kife jirgin na ƙi. Ya rufa mini asiri ne saboda yarana."

Sai wani tsoho a baya ya ce, "Oh, Ilu!" Ya fashe da dariya. Shi ke nan. A wurinmu taubashi yakan yi wa gawa tsiya a makoki don a sassauta wa mutane zuciya, kowa ya ɗauka abin da na tashi yi ke nan. Dariya ta kama wuri, irin wadda ke fita tare da hawaye, ta mutanen da suka yi wata biyar ba su yi ba.

"Har sarautar ɓarnar ma ba za ka bar masa ba?"

"A jirginsa wai! Jirgin da ko tarwaɗa ba ta yarda ta shiga!"

Na ce, "Na rantse da Alƙur'ani."

Malam ya ɗaga hannu yana murmushi ya ce, "Baba Ilu, wasa wasa ne, amma a bar rantsuwa."

Mai gari ya share ido da bakin rawani ya ce, "Allah ya jiƙan Audu. Ko a kabari bai huta da kai ba. Zauna, Ilu, ka kyauta, ka sauke mana nauyi."

Na tsaya ina kallon su. Na sake buɗe baki, tun ban ce komai ba aka sake kwashewa. Sai na zauna.

Da aka watse na shiga zaure in ɗauki sandata. Tabarmarsa tana nan a naɗe a jikin bango. Ina juyawa na ji motsi a bayan zana, sannan muryar Ladi, ƙasa-ƙasa, irin ta mai takaba.

"Ilu."

"Na'am, Yaya Ladi."

"Ni ban yi dariya ba."

Ta yi shekara tara a duniya bayan wannan, gidanta na kallon nawa. Waccan ce magana ta ƙarshe da ta yi mini.